Jitar fedal-sitil: da faratan ƙarfe za ka kaɗa, ko da zallar yatsu?

A mako na biyu ne yawanci wannan gardama take tasowa a zuciyar mai koyo. Fedal-sitil jita ce da take kwance kamar tebur, mai fedoji da libobin gwiwa da suke sauya sautin tsirkiyoyinta. Ka haɗa jitar, ka kafa ta a kan ƙafafunta huɗu, ka zauna. Hannun hagu yana riƙe da sandar ƙarfen da ake gogawa a kan tsirkiyoyi, ƙafar hagu tana kan fedoji uku, ta dama tana kan fedar ƙara sauti da rage shi, kowace gwiwa kuma tana tsakanin libobi biyu. Duk wannan bai isa ba, sai aka ce hannun dama ma a sa masa farata uku: na roba a babban yatsa, na ƙarfe biyu a manuniya da yatsan tsakiya. Ka sa su, suna matse ka, suna zamewa, ka nufi tsirkiya ta biyar ka bugi ta shida. Da ka cire su sai ka ji hannunka ya dawo naka. Daga nan tambayar take zuwa: to me zai hana in ci gaba a haka?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba a kyauta wa mai yin ta ba idan aka ce masa kawai haka ake yi. Ni ina da ra'ayi, zan kuma faɗe shi tun daga farko domin ka san inda na tsaya: mai koyo ya fara da farata, ya ba su kamar wata biyu na gaskiya, sannan ya zaɓa. Amma bari mu bi abin daki-daki, domin akwai waɗanda wannan shawara ba ta dace da su ba.

Daga ina faratan suka fito

Asalin wannan kiɗa daga tsibiran Hawayi yake, inda Joseph Kekuku ya shahara da kwantar da jita a cinya yana goga mata ƙarfe, a ƙarshen ƙarni na 19. A wancan zamani babu amfilifaya, don haka farcen ƙarfe ne yake sa a jiyo makaɗi daga bayan taro. Lantarki ya shigo a shekarun 1930, fedoji suka biyo baya, a 1953 kuma Bud Isaacs ya taka feda tsirkiya tana cikin kuka a wani faifan Webb Pierce, abin da ya sa makaɗan Nashbil, cibiyar kiɗan kantiri a Amurka, suka bazama neman yadda za su yi irin nasa. Daga nan su Buddy Emmons da Jimmy Day suka gina tsarin ɗaurin tsirkiya goma da ake kira E9, wanda shi ne muryar kiɗan kantiri har gobe. Dukkansu da farata suka gina shi. Tazarar tsirkiyoyin, da darussan da aka rubuta, da sautin da kunne ya saba da shi, duk a kan hannun mai farata aka auna su.

Wanda ya taso yana jin Don Williams a rediyo ya san wannan sauti ko da bai san sunan jitar ba, domin Lloyd Green ne ya kaɗa ta a yawancin fitattun faya-fayansa. Wanda kuma ya saurari juju na King Sunny Adé na farkon shekarun 1980 ya ji ta a hannun Demola Adepoju.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Abu shida nake dubawa. Na farko sauti: kaifinsa, da ko zai ratsa ta cikin ganga da jitar bes da muryar mawaƙi. Na biyu kashe sauti, wanda shi ne rabin sana'ar, domin tsirkiyoyin wannan jita ba sa yin shiru da kansu, in ba ka kashe wadda ka gama da ita ba sai ta yi ta kuka ta cakuɗe da ta gaba. Na uku gudu da dacewar kamu. Na huɗu sauƙin koyo. Na biyar kuɗi da ƙarko. Na shida haɗari ga yatsu da kuma ga makomarka a matsayin makaɗi.

Zaɓi na ɗaya: farata uku

Wannan ne tsarin kusan duk wanda ya ci abinci da wannan jita a Nashbil ko Tekzas. Farcen babban yatsa na roba ne, sauran biyun na ƙarfe, kuma bakinsu yana lanƙwasowa ne ta cikin yatsa, wajen tsoka, ba ta bayan farcenka ba. Na faɗi wannan ne domin sababbi da yawa suna sa su a juye, su yi kwanaki suna fama.

Ta fuskar sauti babu mai ja da shi. Ƙarfe a kan ƙarfe yana ba da bugu mai tsabta, mai amo kamar ƙararrawa, kuma tsirkiyar tana samun ƙarfin da zai sa kukanta ya daɗe. Wannan daɗewa tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Makaɗin fedal-sitil yakan bugi tsirkiya da ƙarfi alhali fedar sauti tana ƙasa, sannan ya riƙa ƙara ta a hankali yayin da amon yake mutuwa, sai a ji kamar sautin ba ya ƙarewa. In bugun farko ba shi da ƙarfi, babu abin da fedar za ta ja. Ga kuma daidaito: yatsu ukun suna fitar da murya iri ɗaya, don haka in ka kama tsirkiyoyi na 3, 4 da 5, ko na 5, 6 da 8, ko na 6, 8 da 10, babu wadda za ta danne 'yar'uwarta.

Kashe sauti da farata hanya biyu ce. Akwai ta gefen tafin hannu, inda hannun yake sauka a kan tsirkiyoyi bayan kowane bugu, wadda malami Jeff Newman ya koyar da ɗalibai masu ɗimbin yawa. Akwai kuma ta mayar da farcen kan tsirkiyar da ya buga domin ta yi shiru, wadda aka fi sanin Paul Franklin da ita, kuma ita ce sirrin gudunsa. Kowace daga cikinsu tana cin watanni kafin ta zauna. A nan ne wahalar take, kuma ba zan ɓoye maka ba: a makonnin farko za ka ji ƙarar ƙarfe yana taɓa tsirkiya, ƙwas ƙwas, kafin kowane sauti. Yana raguwa da lokaci, amma ba dare ɗaya ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe daga duk wannan rubutu. Yawancin azabar da ake ɗora wa farata, ta rashin gyara ce. Yadda suke fitowa daga kanti ba su dace da yatsan kowa ba. Sai ka sami ƙaramar filaya mai tsinin baki ka zauna da su. Ka matse zoben har ya kama yatsa ba tare da ya danne gindin farcenka ba, domin nan ne yake yin ciwo. Ka lanƙwasa bakin ya bi siffar kan yatsanka, ya ɗan leƙo kaɗan kawai. Sannan ka ɗan murɗa shi gefe yadda faɗin bakin zai haɗu da tsirkiya sosai, domin in gefensa ne yake bugawa, sai ya yi ta karce tsirkiyoyin masu naɗi, ka riƙa jin ƙaiƙayi a sautin. Na babban yatsa in na roba ne na gargajiya, ruwan zafi yana tausasa shi ka buɗe ko ka matse. Kada ka kusantar da shi ga wuta, domin wasu daga robar da ake kira seluloyid ake yin su, kuma tana kamawa nan take. In suna zamewa, ɗan jiƙa kan yatsa kafin ka sa su yana taimakawa, wasu kuma suna shafa ƙaron da masu goge irin na Turawa suke shafa wa bakansu. Da zarar ka gyara su, ka yi wa na manuniya alama don kada ka musanya su, kuma kada ka ba da aro.

Kaurin ƙarfen ma yana da tasiri. Kamfanin Dunlop suna yin nasu daga inci 0.013 har zuwa 0.025. Masu sirantaka sun fi daɗin sawa da sauƙin lanƙwasawa, amma sautinsu ba shi da jiki, kuma suna saurin buɗewa. Masu kauri, irin na kamfanin National, sun fi cika sauti da riƙe siffa, sai dai sun fi cizo a farko. Ga mai koyo, 0.018 ko 0.020 matsakaici ne mai kyau, in hannu ya saba sai a hau sama.

Kuɗi ba matsala ba ne. Saiti guda na gama-gari bai wuce 'yan daloli ba, a gefen jitar da ko ta masu koyo ta haura dala 1,000. Akwai na babban yatsa masu tsada, irin na kamfanin BlueChip, amma ba da su ake farawa ba. Na ƙarfe suna shekaru ana amfani da su. Ɓata da takewa ne suke kashe su, ba cinyewa ba. Na roba kan karye a wajen lanƙwasa, don haka ka sayi uku ko huɗu lokaci guda, musamman in kana garin da ba a sayar da su sai an yi oda.

Haɗarinsu kaɗan ne: ciwo a gindin farce in sun matse, da ƙaiƙayi ga wanda fatarsa ba ta son nikel. Abin da ake kira azurfar nikel, wanda ake yin faratan ƙarfe da yawa da shi, babu azurfa a cikinsa, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Mai irin wannan fata ya nemi na tagulla, waɗanda sautinsu ma ya ɗan fi laushi.

Zaɓi na biyu: zallar yatsu

Sunan da aka fi kawowa a nan shi ne Daniel Lanois, ɗan Kanada, wanda duniya ta fi sani da shirya faya-fayan U2 da Bob Dylan. Da yatsunsa yake kaɗa fedal-sitil, kuma duk wanda ya ce hakan ba kiɗa ba ne bai saurare shi da kyau ba. Sautinsa mai ɗumi ne, mai faɗi, kamar hazo da safe, bugun farko ba ya soka kunne, sai dai sautin ya taso ya lulluɓe ka. Tsoka tana ba da launuka da ƙarfe ba ya bayarwa: ka shafa, ka tsunkula, ka ja da gefen yatsa, kowanne da muryarsa.

Riba ta biyu ita ce yawan yatsu. Mai farata uku tsirkiya uku yake kamawa a lokaci guda. Kai kana da huɗu, har biyar in ka horar da autan yatsa, wanda ke nufin haɗin sauti mai kauri irin na fiyano. Kashe sauti kuma yana zuwa da sauƙi, domin tsokar yatsa da ta koma kan tsirkiya tana sa ta shiru ba tare da wani ƙwas ba. Wanda ya zo daga jita ta yau da kullum yana kaɗawa da yatsu zai ji kamar gida ya dawo. Kuɗi kuwa ko sisi. Babu abin da zai ɓata, babu abin da za ka manta a gida ranar wasa.

To ina illar? Ta farko, ƙarfin sauti. Tsoka ba ta motsa tsirkiya kamar ƙarfe, don haka dole ka ɗaga amfilifaya ka ƙara mata kaifi. In ka ɗaga ta kuwa, gurnanin lantarki yana tashi tare da ita, musamman a jitocin da ke da tsohon samfurin maganaɗisun ɗaukar sauti mai naɗi guda. A ɗaki kai kaɗai ba za ka damu ba. A kan dandamali, da mai ganga a bayanka, za ka ga kana kaɗawa amma sautinka ya nutse.

Ta biyu, gudu. Tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyi ba ta kai milimita 9 ba. Farcen ƙarfe siriri ne, yana shiga yana fita. Kan yatsa mai tsoka yana buƙatar ya nutsa tsakaninsu, kuma a kiɗa mai sauri yakan gogi maƙwabciya ya kashe ta ba da niyya ba. A kiɗa mai tafiyar hawainiya wannan ba komai ba ne.

Ta uku, jiki. Tsirkiyoyin nan a ɗaure suke tamau, ta uku kuma, wadda kaurinta inci 0.011 ne kawai, kamar zaren reza take ga fatar da ba ta saba ba. Bororo zai fito kafin kanta ta zauna, in ka yi mako biyu ba ka kaɗa ba kuma kantar ta tafi. In da farcenka na halitta kake bugawa domin samun kaifi, tsirkiyar ƙarfe tana cinye shi, kuma ranar da ya tsage, sautin wannan yatsa ya sauya har sai ya sake tsirowa. Wannan shi ne batun ƙarko a wannan ɓangare: kayan aikinka jikinka ne, yau da gobe ba ɗaya suke ba. Gumin yatsa ma yana sa tsirkiyoyi saurin dusashewa a wajen da kake bugawa.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne na huɗu. Wanda ya ƙware da farata zai iya cire su yau da daddare ya kaɗa da yatsu, cikin 'yan kwanaki ya saba. Wanda ya yi shekara uku da zallar yatsu, ranar da aka kira shi aikin da ke son sautin Nashbil, sai ya koma ɗan koyo, kuma komawa baya bayan an ɗanɗana ƙwarewa ta fi farawa ɗaci. Ƙofar tana buɗewa da sauƙi ta gefe ɗaya ne kawai. Shi ya sa na ce a fara da farata.

Zaɓi na uku: na babban yatsa kaɗai

Masu zuwa daga salon makaɗin jita Chet Atkins sun saba da wannan: roba a babban yatsa, sauran a sake. Yana ba tsirkiyoyin ƙasa masu kauri tsabtar da tsoka ba ta ba su, ya bar maka jin tsirkiya a sauran yatsu. Matsalarsa rashin daidaito: babban yatsa yana ihu, sauran suna raɗa. Ana gyara wannan da sassauta babban yatsa da barin ɗan farce a sauran, amma aiki ne na kullum. Ga wanda yake sauyawa tsakanin jita biyu a cikin waƙa ɗaya, wannan ne ya fi dacewa, domin ba sai ya tsaya cire komai ba.

Zaɓi na huɗu: masu buɗaɗɗen ciki da makamantansu

ProPik suna da samfurin Fingertone, wanda tsakiyarsa a buɗe take, tsoka tana taɓa tsirkiya, ƙarfen gefe yana ba da kaifi. Alaska Pik kuma na roba ne, yana hawa bayan yatsa ya shige ƙarƙashin farcenka, don haka sai kana da ɗan farce zai zauna. Sun ɗan fi na gama-gari tsada, kuma sautinsu tsaka-tsaki ne. A ganina sun fi amfani ga wanda ya gwada na gargajiya da gaske, ya gyara su, suka ƙi shi. Wasu kuma suna zuwa a manna musu farcen roba a shago, wanda ke buƙatar sabuntawa kowane 'yan makonni, yana kuma raunana farcen asali. Musulmi ya tuna da batun alwala kafin ya bi wannan hanya, domin abin yana hana ruwa isa ga farce.

Akwai kuma masu ƙara farce na huɗu a yatsan zobe, kamar Maurice Anderson da Joe Wright, domin su sami kamun tsirkiya huɗu ba tare da sun rasa kaifi ba. Wannan na wanda ya riga ya yi nisa ne.

| Ma'auni | Farata uku | Zallar yatsu | Na babban yatsa kaɗai | Masu buɗaɗɗen ciki |
|---|---|---|---|---|
| Sauti | Mai kaifi, mai daɗewa | Mai ɗumi, mai laushi | Ƙasa kaifi, sama laushi | Tsaka-tsaki |
| Ratsawa cikin ƙungiya | Sosai | Da ƙyar | Matsakaici | Matsakaici |
| Kashe sauti | Sai an daɗe ana koyo | Mai sauƙi | Mai sauƙi | Da dama-dama |
| Gudu | Mafi kyau | Taƙaitacce | Matsakaici | Matsakaici |
| Makonnin farko | Wahala | Daɗi, sai bororo | Da sauƙi | Da ɗan sauƙi |
| Kuɗi | 'Yan daloli | Babu | Ƙasa da na farko | Sama da na farko kaɗan |
| Ƙarko | Shekaru | Ya danganta da fata da farce | Roba kan karye | Ya danganta da samfuri |
| Babban haɗari | Matsewa, ɓata | Wuyar komawa farata | Rashin daidaito | Wuyar samu |

Wane ne ya ɗauki wanne

In burinka kiɗan kantiri ne na gargajiya, ko kaɗawa da ƙungiya mai ganga, ko ka zama wanda ake kira sitidiyo, farata uku za ka ɗauka, babu wata gajeriyar hanya. Haka ma in yau ka fara kuma ba ka san inda za ka dosa ba. Ka gyara su da filaya, ka yi minti 20 kullum kana maimaita kamun 3-4-5, 4-5-6, 5-6-8 da 6-8-10 a hankali, kada ka cire su ko sau ɗaya a lokacin atisaye har wata biyu su cika. Sawa da cirewa a rana ɗaya shi ne yake tsawaita wahalar, domin hannu ba ya sanin wanne zai riƙe.

In kiɗanka mai natsuwa ne, irin na fim ko wanda ake jiƙa shi da amsa-kuwwa, kana ɗauka a ɗakinka inda kai ke da iko da kowane maɓalli, zallar yatsu za ta ba ka abin da farata ba za su ba ka ba. Haka wanda yake da ciwon gaɓoɓin yatsu, ko fatar da ƙarfe ke ci, kada ya bar jitar saboda farata. Ya ajiye su ya kaɗa.

In kai mai jita ne da fedal-sitil ta zame maka ta biyu, kana tashi daga wannan ka koma wancan a dare ɗaya, na babban yatsa kaɗai ya ishe ka.

In kuwa ka riga ka ƙware da farata kana jin sha'awar ɗaya ɓangaren, ka zaɓi waƙa ɗaya mai sanyi a jerin waƙoƙinka, ka cire na ƙarfen biyu ka ajiye su a gefen jitar inda hannu zai kai, ka ɗan ƙara wa amfilifaya kaifi, ka kaɗa ta a haka, sannan ka mayar da su kafin waƙa ta gaba.